Littafin da Aka Yi wa Gardama

A Gadarif, bayan la'asar,
sa'ad da kasuwar riɗi ta sauke murya,
na karkaɗe ƙaiƙayi daga wuyan riga,
na nufi gindin dalbejiyar nan
inda Ammu Dafa'alla ke baza littattafai a tabarma,
kowanne da dutse a kansa,
wai kada iska ta karanta kyauta.

Shekara huɗu ina tsaron sikeli.
Nakan san nauyin buhu tun yana bayan ɗan dako,
amma manomi ya dube ni ido cikin ido,
sai harshe ya zame mini jiƙaƙƙen tsumma.
Baffa Jatau kuwa, dillali,
da tari ɗaya yake karya farashi,
da dariya ɗaya ya ɗora shi.
Na ce abin nan dole yana rubuce a wani wuri.

Kuɗin littafi ɗaya ne a aljihuna.

Na farko jan bango gare shi,
da hoton wani mai haƙora fari fat,
wai cikin kwana bakwai ka mallaki zukata.
Ko akuya ba ta sabo da sabon turke a kwana bakwai,
amma na buɗe, na saci shafi biyu a tsaye:
yawaita kiran sunan mutum,
yi murmushi, dafa kafaɗarsa.

Nan take na gwada.
"Ammu Dafa'alla, ya gajiya, Ammu Dafa'alla?
Nawa za ka bar mini wannan, Ammu Dafa'alla?"
Tsoho ya kurɓi gahawarsa mai citta,
bai ko ɗago kai ba.
"Shafi na arba'in ke nan. Saura kafaɗa.
Kai ne na biyar a makon nan, ɗana,
farashi kuma yana inda yake."

Kunya ta zubo mini har tafin ƙafa.

Na biyu na koyar da karatun jiki:
wanda ya harɗe hannu a ƙirji, akwai abin da yake ɓoyewa.
Na tuna Inna, kullum hannunta a harɗe
tun ranar da sanyin ƙashi ya kama ta.
Me Inna ke ɓoyewa, in ba zogi ba?
Na mayar masa da dutsensa.

Can ƙarshen tabarma, kusa da takalman tsoho,
akwai wani marar bango, marar sunan mai shi,
takardunsa sun koma launin kunun gyaɗa.
Bai yi mini alkawarin komai ba.
Zancensa yadda zuciya ke yi wa mai ita ƙwange,
yadda muke jin abin da muka zo da niyyar ji.

Amma wata ta riga ni shiga.
A gefen shafuka, da shuɗin biro, rubutu ƙanana kamar tururuwa:
"Ƙarya ne. Na gwada a kan shugabar makarantarmu."
Gaba kaɗan: "Haka ne, amma ban da gidan makoki."
Wani wurin ta ja layi biyu, ta ce, "Wannan ni ce,"
ta soke, ta sake rubutawa.
A babin sauraro ba ta ce uffan ba,
sai zoben gindin kofin shayi, har uku,
alamar ta daɗe a zaune a wurin.

Na ce, "Wace ce?"
Ya ce, "Ni takarda nake saye, ba na sayen labari."

Na biya yadda ya faɗa, ko fam ɗaya bai rage ba.
Da canjin na sayi fensir a shagon Habashawa.

Washegari wani manomi daga Doka
ya tsaya kan sikeli yana faɗa a kan awo.
Ban kira sunansa ba, ban ma san shi ba.
Na yi shiru, har faɗan ya gaji ya zauna,
sai ga bashin tarakta ya fito daga ƙarƙashinsa,
da ruwan da ya ɗauke a watan takwas.
Awon bai canja ba.
Ya tafi bai gode ba, bai kuma zage ni ba.

Da dare, a hasken waya,
na buɗe babin nan mai zoben shayi.
Ƙarƙashin shirun da ta bari
na rubuta nawa na farko, da fensir, don ya gogu:
"Ban sani ba tukuna."