Makuba a Wuyan Lemo

Da asuba na ji su,
tim, tim, a garkar bayan gidanmu a Dakace,
kafin ladan ya kai ƙarshen kiran farko.
Lemon da Baba Tanimu ya dasa shekarar da aka yaye ni
yana zubar da 'ya'ya kore shar,
ko girman ƙwan zabo ba su kai ba.

Baba ya ce iskar bazara ce.
Inna Lantana ta ce bakin mutane.
Na tsince goma sha bakwai a bakin zane,
na hau mota zuwa Samaru.

A ɗakin bincike na yanka wuyan ɗaya,
siriri, ya fi ɓawon albasa,
na sa shi ƙarƙashin madubi.
Sai ga gari.
Ɗaki jikin ɗaki, katanga jikin katanga,
kamar ka hau ganuwa ka leƙa cikin Birni,
kuma tsakanin kowace katanga da 'yar'uwarta
akwai wani danƙo mai riƙe su.
Malamarmu na ce masa fektin.

A layi guda kawai, daidai inda ɗa ya kama uwa,
danƙon ya narke.
Ba tsutsa, ba tsatsa, ba sawun farce.
Masu rushewar 'yan gida ne,
enzaim, ƙanana fiye da gani,
ɗaya na lasar danƙo, ɗaya na warware zaren katanga.
Kwance suke, ba sa motsi
muddin ɗa na aiko saƙo ta kara: ina nan.
Ran da ƙishi ya yi yawa, saƙon ya yi rauni,
sai uwa ta tashe su da kanta.

Da yamma na yi wa Baba bayani a kan tabarma,
ina tsoron Turanci ya fi ƙarfin bakina.
Shekara arba'in ya yi yana gini,
daga Kwarbai har Tudun Wada akwai soron hannunsa.
Ya juya lemon a tafi, ya daɗe.
Ya ce, wannan ai makuba ce.
Ban taɓa ganin tubali ya gaji ba,
abin da ke tsakani ne ke saki.

Ya tashi, ya laluba reshe,
ya sa babban yatsa a gurbin da ɗan ya bari.
Wurin ya bushe, ya toshe sumul.
Ya ce, dubi, har yaɓe ta yi.
Ta ƙirga ruwanta, ta ƙirga bakuna.

Bai ambaci Iliya ba,
wanda wata bakwai ke nan bai kira daga Fatakwal ba.
Ni ma ban ambata ba.

Galma ta ja baya sosai bana.
Muka ɗauki garwa biyu, muka gangara,
shi a gaba, yana ɗingishi,
a bayanmu wani ya sake faɗuwa.