Lamba Huɗu

Shekara tara na yi bisa ruwan gishiri,
ni ɗan Tawa, wanda ko tabkin damina
sai ya naɗe wando ya yi bisimilla.
Jirgin ya fi unguwarmu yawan ɗakuna,
kowane ɗaki da ɗan akwatin ƙarfe
a maƙale bayan rigunan baƙo,
faɗinsa bai kai taƙi biyu ba.

Aikina gyaran gado da goge madubi,
sai nuna wa baƙo yadda ake yi:
zuba fasfo, zuba zobe, zuba agogo,
tura murfi, danna lamba huɗu,
saurara har ka ji ya ce ƙas.
Ban da ranar haihuwa, ranka ya daɗe,
ita ɓarawo ke fara gwadawa.
Ni da takardata ta ce
an haife ni wajen shekara kaza,
ni ke gargaɗin masu ranar haihuwa.

Ba a kwana uku sai an kira ni.
Tsohuwa na cewa mijinta ya danna,
tsoho na rantsuwa ita ce.
In sauka in taho da mai babban makulli,
a tsai da shaida, a sa hannu, a buɗe.
Duk wannan shari'a a kan me?
Maganin hawan jini da hoton kare.

Ranar sauka kowa ya bar nasa a buɗe.
In zura hannu in laluba lungu:
ɗan kunne ɗaya, maras ɗan'uwa,
haƙorin roba cikin hankici,
wasiƙa mai shafi shida da ba a aika ba.
Namu ɗakin yana ƙasa da ruwa,
mu huɗu, babu taga, babu akwati.
Albashina cikin safa yake kwana,
safar kuwa a ƙafata.

Da na dawo na kama shago kusa da tasha,
shinkafa, taliya, sabulu, katin waya.
Na je Yamai, na shiga Katako,
na ga irinsa, na biya jika sittin.
A cinyata ya zauna cikin mota,
Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni,
ina riƙe da shi kamar jinjiri.

Inna Tsahara ta dube shi sama da ƙasa.
Ta ce, Arzika, wannan abu yana jin kira?
Na ce lamba yake ji.
Ta ce to, Allah ya bar ku tare.

Daren da naƙuda ta kama Zali
likita ya miƙo takarda, a kawo magani yanzu.
Na ruga shago da fitilar waya.
Na danna, ya yi ja.
Na sake dannawa, ya yi ja.
Na uku ya yi tsit, ya ƙi ni sam.
Lambar da na zaɓa da kaina,
wadda ban gaya wa kowa ba,
ta fice daga kaina fit.
A Tawa wa zan sauka in kira?

Na koma asibiti hannu rabbana.
Inna ba ta ce uffan ba.
Ta jawo bakin zane, ta sa haƙori,
ƙulli ɗaya, ƙulli biyu,
ga jikkuna sun yi laushi kamar ganye,
suna warin daddawa da gumi.
Kafin asuba muka ji kuka. Mace.

Nomau mai walda ya yanke murfin,
ya ƙone mini ƴar jika biyar a ciki,
ya kuma karɓi ladansa.

Yanzu akwatin na gindin rumbu.
Kazar Inna ta shige ta yi ƙwai bakwai,
ba mai kai hannu sai ya sha sara.
Lambar kuwa ta dawo ranar suna,
ina raka'a ta biyu a sallar la'asar.
Har yau ban gaya wa kowa ba.