Littafi Biyu

Shekara talatin ina koyar da lissafi a Bajoga,
ban taɓa barin yaro ya ci sifili ɗaya a ɓoye ba.
Da na ajiye alli, Manga ya zo har zaure,
ya tuɓe takalmi kamar yana aji uku,
ya ce, "Malam, majalisar jiha nake nema.
Riƙe mini kuɗin kamfen,
hannunka kaɗai na yarda da shi."

Na sayi littafi ɗaya, mai baƙin bango.

Na rubuta:
fasta dubu biyar, an bugo a Gombe,
rabi da hular a karkace, an sake.
Garin rogo na liƙi, kwano shida.
Hayar lasifika, man janareto,
kujerun roba ɗari uku,
ashirin ba su dawo ba.
Na ja layi da rula. Na yi barci.

Sai ɗan kwangilar nan, Hammayo,
wanda kwalbatinsa ta hanyar Ashaka
ta shekara uku baki buɗe,
ya zo bayan isha da buhu a but ɗin mota.
Na ce, "Rasit da sunan wa?"
Ya yi dariya har da tari.
"Rubuta: wani masoyi."
Muka ƙirga har carar zakara,
yatsuna na warin gumin mutanen da ban sani ba.

Doka ta yanka iyaka, na karanta,
na ma ja mata jan biro a ƙasa.
Mun tsallake ta tun daren fid da gwani,
a ɗakin otal, deliget na shiga ɗaya ɗaya
suna fita aljihu ya rinjayi kafaɗa.

Washegari na sayi littafi na biyu.

A nan atamfa ta kwana, turmi ɗari huɗu,
taliya, magi, sabulu mai fuskar Manga,
man 'yan acaɓa na rakiya,
da abin da ake kira "shayin yara",
yaran da ba su shan shayi,
masu yage fastar wancan su liƙa ta wannan,
jibi su yage tamu in wancan ya ƙara.

Ran kasuwa Goggo Dudu mai daddawa ta tare ni,
ta kwance bakin zane:
naira ɗari biyu, ta yi laushi kamar ganye.
"Ba yaron nan. Ka ce masa kwalbati,
jikata ta faɗa ciki da damina.
Kuma rubuta sunana, Malam, in gani."
Na rubuta a baƙin littafi, tana kallo,
ta dangwala yatsa a kai ko da ba ta karatu.
Ita kaɗai ce mai suna a shafin masu bayarwa.

Manga ya ci.

Yau ga fam ɗin hukumar zaɓe a gabana,
layuka tsaf, gurbin shiga, gurbin fita.
Na kwafe daga baƙi.
Ɗayan yana ƙarƙashin katifa, yana tokare mini haƙarƙari.
Mai karɓa a ofis Rifkatu ce, 'yar Malam Yila,
wadda na taɓa kora waje kan satar amsa.
Ta bi lambobin da bakin biro, a hankali,
yadda na koya mata,
ta ɗago ta dube ni, ta daɗe.
"Malam, lissafi ya fita."
Ta buga hatimi.

Na dawo ta hanyar Ashaka.
An kafa sabon allo a bakin kwalbatin,
fenti bai bushe ba,
sunan Hammayo a ƙasa, da manyan baƙaƙe.
Ɗan acaɓa ya ce in sauka mu tura,
na sauka, na naɗe ƙafar wando.