Lissafin Shekara Ashirin

Asabar muka sa, bayan La'asar, a Kongo,
gindin mangwaron da muka yi wa haddar darasi.
An sare shi. Shagon ɗaukar hoto ne a gurbinsa.
Sai muka ja benci zuwa inuwar bango.

Mu goma sha ɗaya, cikin arba'in da bakwai.
Wasu sun aiko gaisuwa,
wasu nisa ya ci su, wasu ƙasa.

Bilyaminu ya fara, dama ba ya jiran a ba shi baki.
Banki ya riƙe shi shekara goma sha shida,
ya ba shi mota, ya ba shi hawan jini,
rana ɗaya ya ba shi takarda, ya nuna masa ƙofa.
Yanzu kaji yake kiwo a Shika, dubu biyu.
Ya ce su ma da asuba suke fara faɗa kamar manaja,
sai dai su in sun gama, akwai ƙwai a ƙasa.

Talatun Wusasa, wadda duk muka kwafi aikinta,
tana binciken kuɗin hukuma a Abuja.
Ta ce ta ga sifiri ya haifi sifiri
har ya yi jika a takarda guda.
Babban ɗanta yana karatun likita,
ƙaramar ta ce ita keken ɗinki take so,
kuma ita ce ba ta taɓa roƙon kuɗin kati ba.

Barau ya zo a makare,
ƙaiƙayin masara a kan hularsa.
Shi ne akawu ya kayar har sau biyu,
muka yi masa dariya a bakin allon sakamako.
Tirela huɗu yake lodi daga Giwa.
Har yau bai iya zana riba da asara a layi ba,
amma yana shinshino farashi tun gero bai fid da kai ba.
Shi ya biya tsiren. Ba wanda ya yi dariya.

Rakiya ba ta ce komai ba sai da aka matsa.
Mijinta ya bar mata yara uku
da shagon yadi a Sabon Gari
da bashin da ya fi shagon faɗi.
Watan jiya ta biya na ƙarshe.
Ta faɗa a hankali, tana kaɗe ƙuli daga mayafi.

Habila ne ya ambaci Mansir.
Kwangila, daren Talata, motar siminti.
'Yarsa ta sami gurbi a nan, a sashenmu,
ba ta da kuɗin rajista.
Wani ya cire hula, ta zagaya.

Sannan aka ce, kai fa, Malam?

Ni ina koyar da kasuwanci a Tudun Wada
ga yaran da suka fi ni sanin kasuwa.
Uwani tana kunun aya, firjinta ya fi albashina.
Yara huɗu. Gini a Gyallesu
da ya shekara shida yana kallon sama,
yana jiran kwano kamar mai jiran damina.
Na ce alhamdulillahi, kuma da gaske nake.

Ni aka ba rubutu, tunda ni ne mai biro.
Na rubuta sunan kowa da abin da ya sa,
na ƙirga kuɗin hula, na sake ƙirgawa.
Dubu biyar sun yi rara.
Na tambaya, kowa ya dubi takalminsa.

A wancan ajin, taga ta uku daga hagu,
an koya mana dama da hagu sai sun daidaita
kafin akawu ya rufe littafi ya tafi gida.
Na rufe nawa haka nan.
Ana ta kiran Magariba,
Barau yana tambayar wa zai sauke a Ƙofar Doka.