Bajimi na Sayarwa

Ga shi can a inuwar bedi, ƙofar garejin Kiyari,
na rataya masa kwali da lambar wayata.
Janye hannunka daga salansa, samari,
yanzu na sauka, bai huce ba.

Daga Kwatano ya zo cikin akwatin katako,
wani ya riga ni hawansa a ƙasar da ban sani ba.
Ni na ƙara masa kilomita dubu arba'in da ɗaya,
rabinsu tsakanin nan da Tanut.

Dubi ƙahon, faɗinsa ya fi na san Azawak.
Sirdin a ƙasa yake, kamar kujerar tsakar gida,
ka zauna, ka miƙe ƙafa gaba,
hanya ta zo ta same ka.
Silinda biyu, sun buɗe kamar yatsun mai rantsuwa.
Ba ya ihu irin na 'yan kabu-kabu,
gyaran murya yake yi,
sai tantabarun Birni su tashi daga kan duwatsu.

Babu sarƙa, bel ne, ba ya ɓata wando.
Giya biyar. Ta biyar ɗin
ba a ba shi ita sai an wuce shingen jandarma.
Jakunkunan gefe kuwa, Ciroma baduku ya ɗinka su,
jar fata, ta sha rana har ta koma kalar dabino.
Ta dama tana ɗaukar goruba kwano uku, na gwada.

Ba zan ɓoye maka ba:
yana shan mai kamar raƙumin da ya kwana biyar a Tenere,
kuma ba ya son yashi.
Wannan tabon na jikin tanki
akuya ce a Mirya, ranar kasuwa.
Ita ta tashi ta girgije, ni na yi wata ina ɗingishi.
Tayar baya sabuwa ce. Fitilar hagu sai an lallashe ta.
Takardun duwan suna cikin leda, babu wadda ta ɓace.

Ka ce me ya sa zan rabu da shi?
Kilo ɗari uku ne, ɗana,
gwiwata kuwa ta fara ƙirga shekaru.
Ran Juma'a a Kasuwar Dole ya kwanta mini a tsaye,
sai da yara huɗu suka tashe shi,
suna ce mini sannu Baba.
Gaptiya ba ta ce komai ba da na dawo,
man zafi kawai ta ajiye mini kusa da tuwo.

Miliyan biyu da jaka ɗari biyar.
Taya, ban hana ka ba,
amma kada ka ce albarka kana duban ƙasa,
dube shi.

In mun daidaita, sharaɗi ɗaya:
gidana yana Garin Malam, bayan famfo.
Wani lokaci, bayan la'asar,
ka biyo ta wajen a giya ta biyu.
Ba sai ka tsaya ba.
Daga ɗaki zan gane shi.