Kwalin Ashana

A Kuru, bayan shingen ƙerana,
inda tsohon ramin kuza ya zama tafki,
Ngo Kachollom ta ɗaga saƙa ta saita rana
ta ce, "Malam Tanimu, karanta."

Shekara talatin ina karanta adireshi a gidan waya,
wannan rubutu kuwa ya gagare ni.
"Ƙwai nan, babu nan, can ma babu,
kamar haƙoran kakata.
Sarauniyarka ta gaji."

Muka busa hayaƙin totuwa,
muka bi amya saƙa-saƙa.
Sai ga ta, doguwa, bakin fiffike ya yage,
tana gudun haske.

"Matse kanta. Kada ka tsaya tunani."
Ni da aka miƙa wa takardar sallama wata Laraba,
kafin la'asar yaro ya gaje kujerata?
Na juye ashana a aljihu,
na sa ta cikin kwalin.
Ngo ta gani. Ta mai da ido gonar dankali.

"Bar su su kwana marayu,
su ɗanɗana babu."

Washegari sabuwa ta iso
cikin keji bai fi ɗan yatsa ba,
ɗigon fenti a gadon baya,
ƙofa a toshe da alewar sukari.
"Sake ta yau, su dunƙule ta har lahira.
Rataye ta tsakanin 'ya'ya, ka rufe, ka tafi.
Kafin su cinye ƙofar
ƙamshinta ya zama na gida."

Kwana uku ƙafata na ƙaiƙayi.
Ran na huɗu na leƙa:
ba mai cizon waya,
harsuna suke zurawa, suna ba ta a baki.
Ɗaya dai ta harbe ni a gira,
ladan gulma.

Ran na goma, a gindin kowane rami
ƙwai guda, fari, a tsaye,
bai kai ƙwayar acca kauri ba.
Layi bayan layi, ba tsallake.
Wannan karon na karanta da kaina.

Tsohuwar ba ta ga asuba ba.
Sanyin Jos ba ya ragawa mai kwana shi kaɗai.
Tana ƙarƙashin bishiyar fiya.

Jiya za mu kunna hayaƙi,
Ngo ta miƙo hannu: "Wuta."
Na ba ta kwalin.
Ta girgiza shi kusa da kunne,
ta dawo mini da shi,
ta tafi kicin ɗebo garwashi.