Zazzaɓin Injin Barau

Injin ba shi da fistin.
Na faɗa a Panteka, aka ce ƙarya nake.
Alwatika ce guda biyu masu tumbi,
suna wulwulawa a ɗaki mai siffar kwanson gyaɗa.
Barau ya ciro shi daga gawar wata mota
da kaji suka shekara tara suna ƙwai a kujerarta,
ya ce shi zai ɗaga mu sama da gadar Kawo.

Fukafukai mun gama tun kafin azumi.
Bitrus mai walda ya haɗa ƙashin bayan jirgin,
bai karɓi ko sisi ba,
sai alkawarin ganin rufin gidansu daga sama.
Ni aikina ɗaya:
in zuba wa allurar zafi ido.

Allurar kuwa ba ta da kara.
Minti huɗu, ta wuce casa'in.
Minti shida, ta haye ɗari tana karkarwa,
baƙin mai ya tsinke kamar kunun marowaci,
in ɗaga hannu, Barau ya kashe,
lagireto ya bi mu da tsaki.

Irin wannan inji, in ji shi,
kamar mai jin ɗumi ne da aka hana juyawa:
gefe guda kullum a wuta,
ɗaya gefen bai san ana yi ba.
Kuma ba ruwa kaɗai ke masa fifita ba,
sulusin zafinsa mai ne ke goyo.

Mun sayo lagireton babbar mota a Kakuri,
ya rinjayi hancin jirgin har ya yi ruku'u.
Mun sauya mesa. Mun ƙara fanka.
Mun wage bakin murfin
sai ka ce kada na hamma a bakin kogi,
domin iska ta shiga ta ƙoshi.
Minti bakwai.
Kuɗin hayar shago, da keken ƙanina,
minti ɗaya suka saya mana.

Ranar wata Laraba, bazara na dafa kwano,
Tabawa mai gurasa ta zo karɓar bashinta.
Ba ta samu ba, sai ta tsaya kallo.
Ta leƙa bakin, ta zagaya, ta durƙusa da ƙyar,
ta ce, to ta ina take fita?

Wa?

Iskar mana.
Tanderuna ma sai da na huda masa ƙasa
kafin wuta ta yarda ta yi numfashi.
Iska baƙuwa ce mai wayo, Barau,
ba ta shiga gidan da ba ta hango ƙofar fita ba.

Bitrus ya fara dariya, ya haɗiye rabinta.
Barau bai ce uffan ba.
Ya daɗe yana kallon sifanar hannunsa,
sannan ya ce in miƙo almakashin kwano.

Kwana uku muna yanka.
Muka tsuke bakin da muka wage,
muka faɗaɗa maƙogwaro daga ciki
don iska ta rage gudu ta gaisa da ƙarfe,
muka toshe kowace kafa da robar tsohon tif,
muka buɗe taga a ƙarƙashin ciki.

Jiya bayan la'asar farfela ta ɗauka.
Tamanin.
Tamanin da biyar.
Allura ta ɗan yi shawara,
ta zauna.
Minti ashirin ina kallonta tana kallona.

Ba mu tashi ba tukuna.
Har yanzu wutsiyar na ɗaure a gindin darbejiya,
takardun izini ma ko hanyarsu ba mu sani ba,
Tabawa kuma tana binmu gurasar wata biyu.
Amma na ga Barau ya rarrafa,
rigarsa na kaɗawa kamar za ta bar shi,
ya tara tafinsa a sabuwar tagar,
zafi na fitowa yana dukan hannunsa
kamar numfashin yaron da zazzaɓi ya saka.

Wani jirgi ya taso daga wajen Mando
ya ratsa ta kanmu.
Karo na farko,
babu wanda ya ɗaga kai.